Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Editocin Wikipedia Ta Hausa Kan Baje Kolin Wasannin Bidiyo

Zuwa ga editoci da masu kula da Wikipedia ta Hausa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da jinjina kan aikin sa-kai da kuke yi, mun rubuto ne kan wata tambaya da take da ƙanƙanta a ido, amma takan ci lokacin mutane idan aka bar ta babu tsari. Shin baje kolin wasannin bidiyo da ake yi shekara-shekara ya cancanci muƙala tasa a kundin? In ya cancanta, kowace shekara ma sai an buɗe mata nata shafin, ko a tara su duka wuri guda?

Tambayoyi biyu ne, kuma yawancin gardamar da ake yi a kai daga cakuɗa su take tasowa. Ga matsayinmu tun da wuri. Baje kolin kansa, in babba ne irin E3 na Amurka, ko Gamescom na Jamus, ko Tokyo Game Show na Japan, ya cancanci shafi, ba sai an ja ba. Zaman kowace shekara kuwa ba ya gadon wannan cancantar, sai ya kawo tasa shaidar. Wanda bai kawo ba, a ba shi sashe a cikin babbar muƙala, a sa sunansa ya riƙa tura mai bincike zuwa wannan sashen. Kada a goge shi, kada kuma a gina masa gidan kansa.

Mu ɗauki E3, tunda shi ne wanda tarihinsa ya rufe, ana iya kallonsa daga farko har ƙarshe. Kafin 1995, kamfanonin wasanni a Amurka a baje kolin kayan lantarki na CES suke raɓewa, tsakanin masu talabijin da masu rediyo, kuma sun daɗe suna ƙorafin ana mayar da su saniyar ware. Ƙungiyarsu, wadda a lokacin ake kira IDSA kafin ta koma ESA a 2003, ta tsaya aka buɗe musu nasu taron a babban zauren taro na Los Angeles daga 11 zuwa 13 ga Mayun 1995. An kai shi Atlanta a 1997 da 1998, aka dawo da shi. A 2005 mahalarta sun kai kimanin 70,000. Da manyan kamfanoni suka fara kukan abin da rumfuna ke laƙume musu, sai aka rage shi a 2007 ya koma ƙaramin taron gayyata a Santa Monica, mutum wajen 10,000, a 2008 kuma wajen 5,000. An sake faɗaɗa shi a 2009. Sai a 2017 aka fara sayar wa jama'ar gari tikiti, guda 15,000. A 2019 Sony ta ƙi zuwa, karo na farko tun da aka fara. Annobar korona ta hana na 2020, na 2021 ta intanet kawai aka yi shi, na 2022 da 2023 aka soke, sannan ran 12 ga Disambar 2023 ESA ta ce an gama da E3 ke nan.

Wannan labarin da muka zayyana a sakin layi ɗaya shi ne hujjar babbar muƙala. Yana da mafari, da tashi, da tangal-tangal, da mutuwa, kuma jaridu da littattafan tarihin masana'antar sun yi rubutu a kan kowane mataki. Mutuwar taron ba ta rage masa komai ba, domin a ƙa'idar kundin abin da ya taɓa cancanta ba ya daina cancanta don ya shuɗe. Masu ganin wasan bidiyo harkar yara ce da ba ta kai a rubuta a kanta ba, su tuna cewa shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ita ta buɗe Gamescom na 2017 da kanta. Wannan ɓangaren ba ma son a ɓata masa lokaci.

Inda aikin yake shi ne shekara-shekara. E3 ya zauna sau 25 ido da ido, da sau ɗaya ta intanet. Gamescom yana zama a Kolon tun 2009, bayan wanda ya gabace shi a Leipzig daga 2002 zuwa 2008. Tokyo Game Show ya fara a 1996, kuma a shekarunsa na farko sau biyu ake yin sa a shekara. In aka ce kowane zama sai da shafinsa, waɗannan ukun kaɗai sun haura shafi 70, ba a ma zo kan sauran ba. Kowane ɗaya kuma yana bukatar wanda zai duba kwanan watansa, ya gyara majiyoyinsa da suka mutu, ya tsare shi daga masu cusa talla.

Mizanin da aka sani a Wikipedia mai sauƙin faɗa ne: a samu majiyoyi fiye da ɗaya da suka yi bayani mai zurfi a kan abin, su zama abin dogaro, kuma babu abin da ya haɗa su da shi. Wahalar ita ce baje koli yana haifar da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa a makon da ake yin sa, har mutum ya ɗauka an cika mizanin sau ɗari. Idan ka zauna ka tankaɗe su, kaɗan ne ke saura.

Kaso mafi yawa a kan kayan da aka nuna suke magana. Rahoton da ya ce Nintendo ta bayyana na'urar wasanta Wii U a E3 na 2011 shaida ce ga muƙalar Wii U. Taron a nan wurin da abin ya faru ne kawai, kamar yadda ambaton sunan filin wasa a labarin ƙwallo ba ya sa ranar ta zama abin tarihi. Hanyar ganewa ita ce ka cire sunan taron daga rahoton a zuciyarka. In labarin bai rasa komai ba, to ba a kan taron aka rubuta shi ba.

Kaso na biyu sanarwar kamfani ce da aka sauya wa riga. Kamfanoni sukan raba wa manema labarai bayani tun kafin lokaci, da sharaɗin kada a buga sai sa'a kaza, shi ya sa za ka ga shafuka ashirin sun fito da labari ɗaya a minti ɗaya. Ka jera uku daga ciki ka duba. In lambobinsu iri ɗaya ne, maganar da suka ɗauko daga bakin shugaban kamfanin iri ɗaya ce, jerin bayanin ma bai sauya ba, to majiya ɗaya ce, kuma ba mai zaman kanta ba. Haka sanarwar rufe taro da masu shiryawa ke fitarwa, wadda kullum takan ce an yi nasara. Haka ma kafar da aka ƙulla yarjejeniya da ita ta watsa taron kai tsaye: rahotonta yana da amfani wajen tabbatar da wa ya hau mumbari da ƙarfe nawa, amma ba a kafa hujjar cancanta da shi.

Abin da muke ba da shawara a mayar ƙa'ida shi ne wannan. Kafin zaman wata shekara ya samu shafinsa, a kawo majiya uku daga gidaje uku daban-daban waɗanda zaman ne kansa abin da suke tattaunawa, kuma biyu daga ciki a buga su aƙalla wata shida bayan an tashi daga taron. Wata shidan nan shi ne matankaɗin. Hayaniyar mako guda takan kwanta kafin lokacin, abin da ya rage ana maganarsa shi ne wanda ya bar tabo. Binciken ba shi da wuya: a injin bincike ka taƙaita kwanan wata ya fara daga Janairun shekarar da ta biyo baya, ka rubuta sunan taron da shekararsa, ka ga abin da zai fito. Ka fi ba da nauyi ga littattafan tarihin wasanni, da mujallun jami'o'i, da manyan jaridun da ba na wasanni ba, sannan kafofin masana'antar irin GamesIndustry.biz idan sharhi suka yi.

In aka gwada wannan a kan E3, shekarar 1995 takan tsallake ba tare da gumi ba. A ranar farko Sega ta ce na'urarta Saturn ta riga ta isa wasu shaguna a kan dala 399, alhali watan Satumba kowa ke jira. Da Steve Race na Sony ya hau mumbari, lamba ɗaya ya faɗa, 299, wato farashin PlayStation, ya koma ya zauna. Dillalan da Sega ba ta ba kaya ba suka fusata, masu haɗa wasanni ba su shirya ba, kuma har yau duk mai rubuta yadda Sega ta rasa kasuwar Amurka sai ya bi ta wannan ranar. Na 2006 ma haka: a can Sony ta sa wa PlayStation 3 farashin dala 499 da 599, yayin da layin masu son taɓa Wii, na'urar Nintendo, ya riƙa cin sa'o'i. Na 2013 ya fi su duka sauƙin karewa. Da safiyar 10 ga Yuni Microsoft ta ce na'urarta Xbox One dala 499 ne, ga kuma sharaɗin da ta riga ta gindaya na haɗa na'urar da intanet sau ɗaya a kowace awa 24 da takura wa sayar da tsohon faifai. Da yamma Sony ta ce PlayStation 4 dala 399 ne, kuma faifanka naka ne, ka ara ko ka sayar. Ran 19 ga Yuni Microsoft ta janye sharuɗɗan. Ga dalili, ga abin da ya haifar, duk cikin kwana tara, kuma an ci gaba da rubutu a kai shekaru bayan nan. Irin wannan ne zaman da ya cancanci shafi.

A kwatanta da 2012. Abin da aka fi tunawa da shi shi ne nunin wasan Watch Dogs, da surutun da ya biyo baya sa'ad da wasan ya fito a 2014 mutane suka ga kyan hotonsa bai kai na nunin ba. Labari ne mai kyau, amma gidansa muƙalar wasan. A sashen 2012 jimla ɗaya ta ishe shi. Akwai kuma na tsaka-tsaki da za a iya yin saɓani a kansu da gaskiya. Na 2007 ya sauya fasalin taron gaba ɗaya, sai dai wannan sauyin ya fi ma'ana idan aka karanta shi a jere da 2006 da 2009, don haka mu mun fi son ya zauna a babbar muƙala. Na 2019 yana da rashin Sony, yana kuma da abin kunyar da ya fito a watan Agusta, lokacin da aka gano bayanan 'yan jarida fiye da 2,000 da suka yi rajista, har da adireshin gida da lambar waya, suna zaune a fili a shafin taron. Wannan in wani ya kawo majiyoyinsa uku, ba za mu ja da shi ba.

Yanzu ga kurakuran da shafin shekara-shekara ke jawowa, domin su ne suka fi damun mu. Na farko, jingina wa taron abin da ba a can ya faru ba. An fara bayyana PlayStation 4 ne ran 20 ga Fabrairun 2013 a New York, siffar na'urar da farashinta ne aka bari sai E3. Xbox One ran 21 ga Mayu aka bayyana shi a Redmond, hedikwatar Microsoft. Xbox 360 a tashar MTV aka fara nuna shi ran 12 ga Mayun 2005, kwanaki kafin taron. Mai cike shafin shekara yana neman abin da zai sa shafin ya yi kauri, sai ya kwaso duk waɗannan ya ce a E3 aka ƙaddamar da su.

Kwanan wata ma yana da tarko biyu. Ranakun E3 na 2013 a hukumance 11 zuwa 13 ga Yuni ne, amma manyan jawaban kamfanoni ran 10 aka yi su, a wasu zauruka daban, kafin a buɗe ƙofa. Dole a rubuta haka, in ba haka ba mai karatu zai ga akwatin bayani na cewa 11, jikin muƙala na cewa 10, ya ɗauka kuskure ne ya gyara abin da yake daidai. Tarko na biyu bambancin lokaci ne. Ƙarfe shida na yamma a Los Angeles a watan Yuni ƙarfe ɗaya ne na dare a agogon GMT, wato gobe ta riga ta shiga, shi ya sa jaridun Turai kan sa wa jawabin yamma kwanan washegari. A riƙe kwanan garin da aka yi taron, ko da majiyar ta rubuta wani.

Sai kalmomi huɗu da ake yi wa kuɗin goro: an sanar, an nuna bidiyo, an ba mutane sun buga, an fitar kasuwa. Kowace daban take. An sanar da Final Fantasy Versus XIII a E3 na 2006, bai fito ba sai Nuwambar 2016, da wani suna, Final Fantasy XV. An sanar da Scalebound a 2014, aka soke shi a Janairun 2017, bai taɓa fitowa ba. Bidiyon Killzone 2 da aka nuna a 2005 ba daga cikin wasan da ake bugawa aka ɗauko shi ba, an haɗa shi ne don nuna inda ake fatan kaiwa, wasan kuma sai 2009. Muƙalar da aka rubuta a makon taro aka manta da ita takan zauna shekara goma tana cewa wasa kaza zai fito baɗi.

Adadin mahalarta kuwa daga bakin masu taron yake fitowa, babu mai ƙirga musu. A rubuta shi, amma a ce a cewar masu shiryawa. Kuma kada a jera lambobin taruka daban-daban kamar da mudu ɗaya aka auna su. Tokyo Game Show yakan ƙirga na kowace rana ya haɗa, don haka 298,690 ɗin da ya bayar a 2018 jimillar kwana huɗu ce, wanda ya zo sau biyu an ƙirga shi sau biyu. E3 na wannan shekarar 69,200 ya ce, taron da akasarin rayuwarsa sai ɗan kasuwa da ɗan jarida ke shiga. Gamescom ya ce 373,000 a 2019, shi kuma tun asali a buɗe yake ga jama'a. Wanda ya ɗora waɗannan a jadawali ɗaya ya yanke hukuncin wane ya fi wane girma ya yi binciken kansa ne, abin da kundin ya hana.

Akwai kuma maganar wa ya halarta. Daga 2016 kamfanin EA ya bar zauren ya koma yin nasa taron, EA Play, a makon E3. Nintendo ta daina babban jawabin mumbari a 2013 ta koma bidiyon Nintendo Direct, amma rumfarta ta ci gaba da zama cikin zaure. Sony a 2019 babu jawabi babu rumfa. Hali uku ne mabambanta, kuma jadawalin da ke da gurbin "ya zo" ko "bai zo ba" kawai ba zai iya ɗaukar su ba. Summer Game Fest da ɗan jaridar wasanni Geoff Keighley ya fara a 2020 ya gaji watan Yuni, amma ba na ESA ba ne, kada a liƙa shi a jerin shekarun E3.

Wannan ya kawo mu ga jadawalin wasanni, wanda shi ne ke cika yawancin shafukan shekara. Layi ɗari biyu ko uku na sunan wasa, da kamfani, da na'ura, babu jimla ɗaya da ke gaya wa mai karatu me ya sa zai damu. Kundin ilimi ba littafin rajistar rumfuna ba ne. In za a ambaci wasa, ya zama wanda majiya mai zaman kanta ta ware ta yi magana a kansa, kuma a ambace shi cikin jimla. Gwaji mai sauƙi: ka rufe jadawalin da hannu ka karanta abin da ya rage. In bai wuce layi biyar ba, sashe ne aka sa wa rigar muƙala.

Za a ce ai Wikipedia ta Turanci tana da shafi daban na shekaru da dama na E3, kuma ga manhajar fassara, cikin rabin awa an juyo shi. Gaskiya ne, amma kowane harshe shi ke tsara ƙa'idarsa, kuma abin da ake juyowa har da nauyin kula da shi. Manhajar takan juya sunayen wasanni da na kamfanoni zuwa Hausa, alhali suna ne da ba a taɓawa. Takan karya jadawali. Takan kwaso mahaɗai ɗaruruwa zuwa shafukan da babu su, shafin ya cika da jajayen mahaɗai. Mafi muni, takan kwaso majiyoyin da suka riga suka mutu. Kafofin labaran wasanni ba su da tsawon rai: 1UP ya rufe a 2013, Joystiq a 2015, Gamasutra ya sauya suna zuwa Game Developer a 2021 tsofaffin adireshinsa da yawa suka daina kaiwa inda suke kaiwa, Game Informer kuma da aka rufe a Agustan 2024 shafinsa ya ɓace rana ɗaya kafin a farfaɗo da shi daga baya. Duk majiyar da za a sa, a buɗe ta a gani da ido tana nan kuma ta faɗi abin da aka jingina mata, sannan a adana kwafinta a Wayback Machine, ma'ajiyar kwafin shafukan intanet, a sa adireshin kwafin tare da na asali. Yin haka ga majiya 15 na sashe abu ne mai yiwuwa. Ga majiya 200 na shafi guda, sau 70, kowa ya san ba za a yi ba. Muna kuma roƙon masu shirya gasar rubutu su lura: inda yawan muƙala ake ƙirgawa, jerin shekaru ganima ce, mutum ɗaya zai iya zubo 26 a mako. A ba da maki ga faɗaɗa muƙala ɗaya kamar yadda ake ba sabuwa.

Sashen kowace shekara ba ya bukatar fiye da kalma 80 zuwa 150: ranakun taron, gari da zaure, adadin mahalarta da wanda ya faɗe shi, abin da ya sauya a tsarin taron, sai abu biyu ko uku da majiyoyin baya suka ci gaba da ambata. Idan sashe ya girma ya haura kalma 500 na zance mai majiya, ban da jadawali, kuma ya cika sharaɗin majiya uku, sai a cire shi ya zama shafi, a bar taƙaitawarsa a inda yake. Ta haka shafi yakan fito ne daga abin da aka riga aka rubuta, maimakon a buɗe fanko ana jiran mai cikawa.

In kuwa an riga an buɗe shafin shekara da bai kai ba, haɗewa za a yi. A rubuta dalili a shafin tattaunawarsa da na babbar muƙala, a sanar da wanda ya ƙirƙire shi a shafinsa cikin mutunci, domin yawanci sabon edita ne mai ƙwazo, kuma gogewa ba bayani ita ke korar irinsu. A Turanci kwana bakwai ake ba muhawarar gogewa. Mu muna ganin kwana 14 ya fi dacewa inda masu leƙowa ba su da yawa. In babu wanda ya kawo majiya, a kwashe abin da ke da madogara zuwa sashen, a rubuta sunan shafin da aka ɗauko daga gare shi a taƙaicen gyara, saboda lasisin CC BY-SA ya wajabta a san wa ya rubuta me. Sannan a mayar da tsohon shafin mai turawa kai tsaye zuwa sashen shekarar. Kada a goge shi, domin gogewa tana tafiya da tarihin gyaran da lasisin ke dogaro da shi. A ƙarshe a leƙa Wikidata, inda ake haɗa muƙaloli na harsuna daban-daban, a tabbatar ba a bar mahaɗin harsuna yana nuna babbar muƙala a matsayin ta shekara ɗaya ba.

Shafin taron da bai zo ba tukuna, a hana shi gaba ɗaya. E3 na 2020 yana da ranakunsa, 9 zuwa 11 ga Yuni, aka soke shi ran 11 ga Maris. Na 2023 yana da nasa, 13 zuwa 16 ga Yuni, har da sabon kamfanin shiryawa, ReedPop, aka soke shi ran 30 ga Maris bayan manyan kamfanoni sun janye ɗaya bayan ɗaya. Layi guda a babbar muƙala cewa an sa ranar kaza ya wadatar har a ga an yi.

Hotuna a taƙaice. Wanda mutum ya ɗauka da kansa na ƙofar zaure ko cunkoson jama'a yawanci ba shi da matsala a Commons, ma'ajiyar hotunan Wikipedia. Wanda babban allo ko fastar wasa ta cika shi, haƙƙin mallakar kamfanin ya shiga ciki, za a goge. Hoton da kamfani ya raba wa 'yan jarida kyauta ne a buga, amma ba shi da lasisin da kundin ke bukata.

Sai suna. A tsaya kan tsari ɗaya, sunan taro sannan shekara, kamar E3 2013. Inda aka zauna sau biyu a shekara, kamar Tokyo Game Show na farko-farko, a ƙara wata. A kuma bambanta iri, don ba duka ne baje koli ba. GDC, wanda ya faro a 1988 a falon gidan Chris Crawford, taron masu haɗa wasanni ne, laccoci ne ƙashin bayansa. PAX, da aka fara a 2004, bikin 'yan wasa ne. Dukansu sun cancanci babbar muƙala, amma da wuya zamansu na shekara guda ya tsallake matankaɗin wata shida.

Ƙananan taruka kuma, waɗanda ke tasowa a ƙasashe da dama, su ma mizanin ɗaya ne, sai dai tambayar a kansu ita ce ko babbar muƙalar ma ta samu. Yawan shekarun da aka yi ana yi ba hujja ba ce, girman masu ɗaukar nauyi ma haka. A duba ko rahoton da aka kawo an biya kuɗi aka buga shi, a duba ko kafar tana cikin abokan hulɗar taron da aka jera a fastarsa. Wanda ke aiki da masu taron kuma yake rubutu a kansa, sharuɗɗan Wikimedia tun 2014 sun wajabta masa ya bayyana cewa biyan sa ake yi. In majiya mai zaman kanta ɗaya ce tak, a ba taron layi a jerin tarukan wasannin bidiyo, ya jira.

Roƙonmu shi ne a ɗora wannan a zauren tattaunawar al'umma a yi muhawara a kai, a gyara lambobin da muka kawo in an ga sun yi tsauri ko sun yi sassauci, sannan a rubuta abin da aka amince a wuri ɗaya da sabon edita zai gani. A fara gwada shi a kan E3, tunda ba zai ƙara zama ba: muƙala ɗaya mai sashe 26, sakin layi ɗaya na shekaru ukun da aka soke, shafi daban ga 1995 da 2006 da 2013, na 2019 kuma a bar shi a buɗe ga wanda zai kawo majiyoyinsa.

Wassalam.

Daga 'yan'uwanku, wasu masu bibiyar masana'antar wasannin bidiyo da aikin kundin.